Waiwaye: Samarin da Suka Hana Ingila Barci

Idan Allah Ya kai ɗayanmu Landan ya ga wani tsoho ɗan shekara tamanin yana dogara sanda, yana jiran mota a natse, kada ya yi saurin rantsuwa cewa haka aka haife shi da natsuwa. Mai yiwuwa a shekarar 1964 shi ne yaron da jaridu suka buga hotonsa yana jifan wani da kujera a bakin teku. Wanda ya girme shi kaɗan kuwa, wataƙila shi ne ya farke kujerun silima da reza a 1956. Mu da muka taso muna kasa kunne ga rediyo mun saba ɗaukar ƙasar Turawa wurin bin layi da ladabi, har muna yi wa 'ya'yanmu misali da ita. Mun manta, ko kuma ba a gaya mana ba, cewa su ma sun yi zamanin da iyaye ba sa runtsawa saboda samarin unguwa. Waiwaye adon tafiya ne, bari mu ɗan juya mu dubi wancan zamani.

An gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Ingila ta fito da nasara amma aljihu wayam. Sai a 1949 aka daina sayar da tufafi da kati, nama kuwa sai a 1954. Unguwannin talakawan Landan cike suke da kufan gidajen da bom ya rushe, a nan yara suka yi wasan ƙasa. Da suka tasa, sai suka tarar da abin da iyayensu ba su samu ba, wato aiki a wadace. Yaro ya bar makaranta yana da shekara 15, ya shiga masana'anta ko wurin gini, ranar Juma'a a danƙa masa albashinsa. Idan ya cika 18 gwamnati ta kira shi aikin soja na tilas na shekara biyu. Tsakanin nan kuwa ga kuɗi a aljihu, babu mata, babu ɗa, babu wurin zuwa da yamma sai bakin titi.

Abin da suka fara kashe wa kuɗin shi ne sutura. Telolin Savile Row, masu ɗinka wa attajirai, sun farfaɗo da ɗinkin zamanin Sarki Edward na Bakwai domin 'ya'yan manya. Sai 'ya'yan lebura suka ƙwace yayin: doguwar kwat har gwiwa mai wuyan karammiski, wando tsuke, takalmi mai kaurin ƙasa, gashi a sha mai a tayar da shi ta goshi. Daga sunan sarkin nan jaridu suka raɗa musu 'yan Tedi a 1953. Kwat ɗaya kan cinye albashin makonni, a riƙa biyan tela kaɗan-kaɗan. Da 'ya'yan manya suka ga ɗan dako ya fi su iya sa kayan, sai suka bar masa.

Kafin mu yi musu dariya, mu tuna namu. Waɗanda suka yi samartaka a Kano ko Kaduna ko Jos a shekarun 1970 sun san wando mai faɗin ƙafa da ke share titi, da takalmi mai tudu, da tarin gashi da mataji soke a ciki. Iyayenmu sun yi faɗa har sun gaji. Yau mu ne muke tsaki idan jikanmu ya shigo da wani aski. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sutura ta riga kiɗa zuwa, amma da kiɗan ya iso sai ya zama tutarsu. A 1955 aka fito da fim ɗin Amurka mai suna Blackboard Jungle, wanda ya buɗe da waƙar Bill Haley, Rock Around the Clock. Shekara ta zagayo aka yi wani fim mai sunan waƙar, kuma a silimar Trocadero da ke unguwar Elephant and Castle samari suka bar kujeru suka kama rawa a tsakanin layuka. Da aka nemi zaunar da su, kujerun ne suka ji a jikinsu. Hukumomin garuruwa da dama suka hana nuna fim ɗin. Kiɗan ba wani abu mai wuyar gane ba ne: jita, ganga mai duka ba sassauci, murya mai ihu, minti biyu zuwa uku a gama. Sai dai ga yaron da ya tashi yana jin waƙoƙin iyayensa masu sanyin jiki a rediyo, wannan ne abu na farko da ya ji nasa ne shi kaɗai. Elvis Presley, Little Richard, Jerry Lee Lewis, Chuck Berry: faifansu ya zama dukiyar da ake ɓoyewa ƙarƙashin gado.

Ba mu zo nan don wanke kowa ba. A watan Yuli na 1953 aka daɓa wa wani yaro ɗan shekara 17, John Beckley, wuƙa bayan wata hatsaniya da ta tashi a filin Clapham Common, ya rasu. Mafi muni kuma yana gaba. A ƙarshen watan Agusta na 1958, a birnin Nottingham sannan a unguwar Notting Hill ta Landan, gungun samari farare, da yawansu sanye da kayan 'yan Tedi, suka yi dare da dare suna farautar baƙaƙen fata da sarƙoƙi da sandunan ƙarfe. Yawancin waɗanda aka far wa 'yan tsibiran Karibiyan ne da suka zo aiki. Alƙali ya ɗaure samari tara shekara huɗu-huɗu. A watan Mayu na 1959 aka kashe wani kafinta ɗan Antigua, Kelso Cochrane, a kan titi, kuma ba a hukunta kowa ba. Abin takaicin shi ne kiɗan da waɗannan yara suke mutuwar so, a hannun baƙaƙen Amurka ya tsiro. Suna rawa da muryar Little Richard da yamma, da dare su jefi tagar mai irin fatarsa. Masu baje kolin tsofaffin kwat a yau ba su cika son a tuna wannan babi ba.

Da yayin 'yan Tedi ya ja baya, ƙannensu suka rabu gida biyu. Gida na farko 'yan Roka ne, masu jaket ɗin fata baƙi da manyan babura ƙirar Triumph da Norton da BSA. Matattararsu gidajen shayi na bakin hanya, mafi shahara Ace Cafe a arewa maso yammacin Landan, wanda a lokacin ba ya rufewa dare da rana. Akwai akwatin kiɗa da ake jefa wa kwabo ya ɗora faifan Gene Vincent ko Eddie Cochran, wanda ya rasu a haɗarin mota a Ingila a 1960 yana da shekara 21. Burin kowane yaro a cikinsu ya ga allurar babur ɗinsa ta taɓa mil 100 a awa, kuma da yawa iyayensu sun karɓo su a makara. Gida na biyu 'yan Mod ne, 'yan gayu masu kwat ɗinkin Italiya, masu hawa Vespa da Lambretta da aka yi wa ado da madubai da fitilu. Wannan Basfar dai da malaman makarantarmu da akawuna suka riƙa hawa cikin mutunci, a can abin hawan 'yan ƙwalisa ce. Su kiɗan baƙaƙen Amurka da na Jamaika suke so, da ƙungiyoyi irin The Who da Small Faces, kuma suna haɗiyar ƙwayoyin hana barci don su kwana rawa. Ɗan Roka yana ganin ɗan Mod rago mai kwalliyar mata, ɗan Mod yana ganin ɗan Roka ƙazami mai warin baƙin mai. Alhali sau da yawa layi ɗaya suka fito.

A hutun Ista na 1964 ɗaruruwansu suka sauka a Clacton, wani ƙaramin gari na bakin teku. An yi sanyi, an yi ruwa, shaguna da yawa a rufe, babu abin yi. Aka yi jefe-jefe, aka fasa tagogi, 'yan sanda suka kama mutum 97. Washegari jaridun Landan suka fito kamar an ci garin da yaƙi. Da hutun watan Mayu ya zo, kowane yaro a Ingila ya riga ya karanta cewa za a gwabza, ya kuma san ɓangaren da ya kamata ya tsaya. Sai suka kwarara Brighton da Margate, 'yan kallo da masu ɗaukar hoto na biye, a watan Agusta kuma Hastings. An ba da labarin wani yaro da aka ci tarar fam 75 ya ce zai biya da cek, jaridu suka yi ta yayata shi a matsayin shaidar cewa kuɗi ne ya lalata yaran zamani. Daga baya ta bayyana ko asusun banki ba shi da shi, baƙar magana kawai ya yi wa kotu.

Wani masanin halayyar jama'a haifaffen Afirka ta Kudu, Stanley Cohen, ya bi diddigin wannan rikici, ya fitar da littafi a 1972 mai suna Folk Devils and Moral Panics. Ya nuna ɓarnar da aka yi a Clacton ba ta wuce ta fam ɗari biyar da 'yan kai ba, kuma kafin jaridu su sa baki gabar ɓangarorin biyu ba ta yi tsamarin da ta yi daga baya ba. Kururuwar manya ce ta ba yaran suna, ta ba su tuta, ta sanar da su rana da wurin haɗuwa.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi wayoyin da ke hannunmu. Duk lokacin da 'yan daba suka kara a Kano, ko 'yan kalare a Gombe, ko 'yan sara-suka a Bauchi, ko matasan fale a Damagaram, kafin jini ya bushe bidiyon ya zaga gari, da sunan unguwa da laƙabin jagora. Muna turawa muna Allah wadai, shi kuwa yaron yana ƙirga mutum nawa suka gan shi. Ba cewa muke a rufe ido ga kisa ko ƙwacen waya ba, wanda ya zubar da jini hukuma ta yi aikinta. Kuma akwai bambancin da bai kamata mu tsallake ba: yaran Ingila suna da albashi, ranar Litinin suna komawa bakin aiki, namu kuwa da yawa ba su da inda za su je da safe sai gindin ɗan siyasar da ke sayen ƙarfinsu da arha. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mutumin da aka fi mantawa da shi a duk wannan labari ba ɗan jarida ba ne, ba alƙali ba ne. Wani limamin coci ne a unguwar talakawa ta Hackney Wick, Fada Bill Shergold, wanda shi ma da babur yake zagaya jama'arsa. A cocin akwai ƙungiyar matasa da aka kafa a 1959, ana kiranta 59 Club. A 1962, lokacin da gidajen abinci da na rawa ke korar duk mai jaket ɗin fata tun daga bakin ƙofa, sai ya hau babur ɗinsa ya nufi Ace Cafe da dare. Shi da kansa ya ba da labarin irin tsoron da ya ji, har ya naɗe wuyansa da gyale don ɓoye alamar limancinsa. Ya shiga, ya zauna, aka yi hirar inji da taya, sannan ya gayyace su. Suka zo da baburansu har cikin coci. Ya buɗe musu sashen masu babur a ƙungiyar, da wurin zama da shayi da akwatin kiɗansu, bai ce sai sun aske gashi ko sun bar Gene Vincent ba. Cikin 'yan shekaru mambobi suka kai dubbai, kuma ƙungiyar tana nan har yau, shi kuwa ya rasu a 2009.

Ba za mu ce shi kaɗai ya kashe wutar ba. Shekaru sun yi nasu aikin: aure, haihuwa, kuɗin haya, ƙaramar mota a maimakon babur. Ace Cafe ya rufe a 1969, sai a 2001 aka sake buɗe shi sosai, yawancin masu zuwa da furfura. Sai dai a cikin manyan da suka yi ta magana a kan yaran nan, kaɗan ne suka yi magana da su, kuma waɗannan kaɗan ɗin ne tsofaffin 'yan Roka ke ambata da alheri.

Mu ma ba baƙin wannan hanya ba ne. Mun san lokacin da kowace unguwa take da sarkin samari, da dattijon da idan ya aika a kira yaro, ko mai taurin kai ne sai ya zo ya durƙusa. Mun san maƙeri da tela da bakanike da suke karɓar ɗan maƙwabci ba tare da an rubuta takarda ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kowannenmu ya san aƙalla yaro ɗaya a layinsu da ake tsallaka titi idan an hango shi, ya san uwarsa, wataƙila ma ya ci tuwon sunansa. Wannan makon a kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, a tambaye shi wace sana'a yake sha'awa, a kama hannunsa a kai shi wurin mai ita.