'Yan Man U, An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Daren Laraba, 21 ga Mayu, 2025, ban tsaya ganin miƙa kofi ba. Alƙalin wasa na hura tashi na miƙe daga benci, na ratsa ta tsakanin 'yan Arsenal da 'yan Chelsea waɗanda suka biya kuɗin gidan kallo don kawai su ga yadda za ta ƙare mana, na tura babur ɗina na kama hanyar gida. Tottenham ce ta doke mu da ci ɗaya mai ban haushi a Bilbao, ƙwallon da Brennan Johnson ya tura da ƙyar ta gangara raga ana dab da tafiya hutun rabin lokaci. Tottenham fa! Ƙungiyar da rabonta da kofi tun 2008, wadda ta ƙare kakar a mataki na 17, ita ce ta lallasa mu sau huɗu a kaka guda, ta haɗa da ɗauke kofin Yuropa a gaban idonmu.

'Yan uwana magoya bayan Manchester United na Kano da Kaduna da Jos, na Maraɗi da Damagaram, na zangon Kumasi da duk inda ake tayar da janareta don kallon Firimiya, da ku nake. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, don haka mu fara da lissafi. Wasa 38 muka buga a lig a kakar 2024/25, muka ci 11, aka doke mu a 18. Maki 42, mataki na 15. Ƙwallo 44 muka zura, aka zura mana 54. Tun daga Agusta har Mayu ba mu taɓa cin wasan lig biyu a jere ba. Rabon da a ga irin wannan lalacewa tun 1974, shekarar da ƙungiyar ta faɗa gasa ta ƙasa, lokacin da yawancinmu ko haihuwarmu ba a yi ba. Sannan don gyambon ya ƙara zafi, Liverpool ta ɗauki kofin lig na 20, ta kamo mu a abin da ya rage muna tinƙaho da shi.

Ba zan wanke kocinmu na wannan kakar, Ruben Amorim, ba, kuma kada kowa ya ce mu wanke shi. Ya zo daga Sporting ta Lisbon a watan Nuwamban 2024 da tsarinsa na 'yan baya uku, ya tarar da 'yan wasan da aka saya don wani tsari dabam, ya ce shi dai sai nasa. Wasan lig 27 ya jagoranta, ya ci bakwai, ya sha kashi a 14, ya tara maki 27. Maki ɗaya ke nan a kowane wasa, irin lissafin masu neman tsira daga faɗuwa. Telan kirki in ka kai masa yadi huɗu, rigar yadi huɗu yake yanka maka. Shi kuwa namu ya dage sai babbar riga, ga shi nan mun fito da rabin jiki a waje. Mun ga an mayar da 'yan gefe 'yan baya, mun ga Bournemouth ta zo har Old Trafford ta zuba mana uku ba ko ɗaya, mun ga ana neman ci ruwa a jallo amma canjin da za a yi shi ne a cire ɗan baya a sa ɗan baya. Bayan Brighton ta ci mu 3-1 a Janairu, shi da bakinsa ya ce wataƙila wannan ce tawaga mafi muni a tarihin ƙungiyar. Faɗin gaskiya abu ne mai kyau, amma ba don ya ba mu labarin ciwo aka ɗauko shi ba, magani aka kira shi ya kawo. Ya tsaya a tsakiyar fili bayan wasan ƙarshe da Aston Villa ya nemi afuwa. Mun ji. Afuwa ba ta ƙara maki a teburi.

To amma ku tsaya mu ƙirga tare. Sir Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013 da kofin Firimiya 13 a hannunsa. Aka kawo David Moyes, muka ce bai kai ba. Aka kawo Louis van Gaal, muka ce wasansa na sa barci. José Mourinho ya zo, muka ce ya cika faɗa. Solskjaer ya zo, muka ce ya cika sanyi. Ralf Rangnick ya riƙe na 'yan watanni, ya ce ƙungiyar tiyata take buƙata, aka sallame shi ba a saurare shi ba. Erik ten Hag ya zo, ya tafi. Kowane ɗaya da zai fita sai mu yi shewa a gidan kallo, mu ce an rabu da ƙaya, bayan shekara ɗaya da rabi mu dawo muna zagin wanda ya gaje shi. Tsugunne ba ta ƙare ba, kullum ana sayar da kare ana sayen biri. Mutum bakwai har da Amorim, masu hali daban-daban, daga ƙasashe daban-daban, ba za su shiga ɗaki ɗaya duk su fito da tari iri ɗaya ba sai in ɗakin ne ke da hayaƙi.

Ga wata shaidar kuma. Scott McTominay, wanda muka yi shekaru muna cewa ba ajin United ba ne, an sayar da shi ga Napoli, ya ɗauki kofin Italiya a kakarsa ta farko, aka zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya. Antony, wanda aka saya daga Ajax a kan sama da fam miliyan 80 ya zama abin zolaya a duk majalisa, ya tafi aro Real Betis sai ga shi yana cin ƙwallaye har ya kai su wasan ƙarshe na gasar Turai. Marcus Rashford ya je Aston Villa ya farfaɗo. Duk wanda ya fita daga gidan nan sai ya miƙe, wanda ya shigo kuma sai ya kwanta. Ruwa ba ya tsami banza.

Masu gidan su ne iyalan Glazer na Amurka. A 2005 suka sayi ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 790, kuma yadda suka saye ta shi ne tushen duk wannan ciwo. Bashi suka ciwo suka biya, sannan suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar da a da ba wanda ke bin ta. Ku kwatanta: mutum ya ranci kuɗi ya sayi shagonka, sannan ya ce daga cinikin shagon za a riƙa biyan rancen da kuɗin ruwansa, shi kuma yana zuwa ƙarshen shekara ya kwashi riba. Zuwa 2025, shekara ashirin ke nan ana haka. Masu bin diddigin asusun ƙungiyar sun ƙiyasta cewa abin da ya fita ta hanyar kuɗin ruwa da rabon riba da ladan bankuna ya haura fam biliyan ɗaya, kuma har gobe bashin na nan. A daidai wannan lokaci rufin Old Trafford ya tsufa har ya fara yoyo. Duk wanda ya kalli wasanmu da Arsenal a Mayun 2024 ya ga ruwa na kwarara daga rufi kamar indararo, 'yan adawa suka samu abin dariya na wata guda.

Da Sir Jim Ratcliffe na kamfanin INEOS ya sayi kusan kashi 28 cikin ɗari a Fabrairun 2024 ya karɓi ragamar harkar ƙwallo, mun ɗauka kakarmu ta yanke saƙa. Me muka gani? Sun yi ta jan ƙafa a kan Ten Hag bayan ya ci Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA, suka tsawaita masa kwantiragi a Yuli, suka kashe kuɗi suka sayo masa 'yan wasan da yake so, sannan suka kore shi a ƙarshen Oktoba. Suka ɗauko Dan Ashworth daga Newcastle a matsayin daraktan wasanni, bayan wata biyar suka raba gari. Sallamar waɗannan biyu da muƙarrabansu kaɗai ta ci fam miliyan 14.5. Wa aka sa ya biya kuɗin wannan ganganci? Ƙananan ma'aikata 250 aka sallama a 2024, aka sanar da cewa wasu har 200 za su bi su. Aka mayar da tikitin wasa fam 66 a tsakiyar kaka, babu ragi ga yaro, babu ga tsoho. Har Ferguson kansa an yanke masa albashin jakadancin da yake karɓa. Kuma su ne suka matsa wa Amorim ya baro Lisbon a tsakiyar kaka, alhali sun san ba su da 'yan wasan tsarinsa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Na san abin da wani zai ce: Malam, mu da muke Fagge ko Tudun Wada, naira ɗari biyu muke biya mu zauna a benci, rigar da ke jikinmu ma ta kasuwa ce wadda ko sisi ba ya isa Manchester, ina ruwan Glazer da fushinmu? Da ruwansa. Ƙungiyar tana shelar cewa tana da magoya baya da mabiya biliyan 1.1 a duniya, kuma wannan adadi shi take kaiwa gaban kamfanoni ta karɓi kuɗin talla. Kai da ni muna cikin lissafin nan. Duk danna alamar so da ka yi a shafinsu na Facebook ko Instagram, haja ce da ake sayarwa. In kuna shakka, ku dubi abin da suka yi kwana uku bayan kammala kakar: suka kwashi 'yan wasan da suka gaji zuwa Malesiya da Hong Kong neman kuɗi, wata tawagar haɗin gwiwa ta kudu maso gabashin Asiya ta doke su 1-0 a Kuala Lumpur, 'yan kallon can suka yi musu ihu. Mu na nesa mu ne kasuwar. Mai kasuwa kuwa yana jin maganar mai saye.

Magoya bayan da ke Ingila sun daɗe da gane haka. Tun 2005 wasu suka yi fushi suka kafa tasu ƙungiyar, FC United of Manchester. A 2010 suka cika fili da mayafai kore da ruwan zinare, kalar Manchester United ta asali tun tana Newton Heath. A Mayun 2021 zanga-zangarsu ta sa aka ɗage wasa da Liverpool. A watan Maris na 2025 dubbai suka yi tattaki da baƙaƙen kaya kafin wasa da Arsenal. Mu nan me muka yi, ban da zagin 'yan wasa irin su Onana da Højlund da iyayensu a intanet?

Saboda haka ga abin da nake kira a kai. Daga yau, duk wanda zai rubuta kalma a kan Amorim, ya haɗa da sunan Glazer da Ratcliffe a jimlar, da Hausa ko da Turanci, a ƙarƙashin kowane saƙo da ƙungiyar ta wallafa. Shugabannin majalisun magoya baya da masu riƙe da zaurukan WhatsApp, ku tsayar da rana guda mu janye daga bin shafukan ƙungiyar gaba ɗaya, mu faɗi dalili, mu kira 'yan uwanmu na Legas da Akara da Nairobi su biyo mu. Masu hali da ke yin odar riga ta asali daga waje, ku dakata bana. Zagin 'yan wasa kuma a bar shi haka, yaron da aka saya da tsada ba shi ya yanka wa kansa farashi ba. Kada kuma a sake jin an ɗaga wa wani hannu a gidan kallo don ya yi mana tsiya. Mun yi shekara ashirin muna yi wa mutane, yanzu layi ya zo kanmu, sai mu shanye.

Shi kuwa Amorim, abin da na ce a ƙarshen kakar shi ne a ba shi damina ta sayen 'yan wasa da atisayen share fage, tunda babu wasan Turai ko ɗaya da zai raba masa hankali a kakar 2025/26. Ferguson ma ya ƙare na 13 a 1990 kafin ya ɗauki lig a 1993, amma shi ya nuna yana iya sauya dabara in ta ƙi. Na ce in Disamba ta zo muna nan muna cin maki ɗaya a wasa, ya tattara ya tafi, kuma ba zan yi shewa ba sai na ga wanda ya ɗauko shi ya bi bayansa.

Masu shirin sauya sheƙa zuwa wata ƙungiya, Allah ya kiyaye hanya, amma ku bar mana rigar a bakin ƙofa. Sauran mu haɗu a benci cikin Agusta, kowa ya zo da sunan Glazer a bakinsa.