Haƙurin da ke cinye gumin mutum

Yau zan taɓo maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman manyanmu na ofis, waɗanda duk kukan da aka kai musu amsarsu ɗaya ce: "A yi haƙuri."

A wani ofis da na taɓa aiki akwai wata baiwar Allah, gwana a lissafi. Wani da ya riga ta shiga aiki ya sa ta a gaba. Fayil ya zo teburinta, ya ɗauke ya kulle a durowa. A kira taro, ya ƙi faɗa mata. A gaban oga kuma ya ce ita ke jan ƙafa. Ta kai kuka wurin shugaban sashe, aka ce ta yi haƙuri, ai babba ne. Shekara biyu tana haƙuri. Ranar da aka miƙa mata takardar tuhuma kan fayil ɗin da ya ɓata, aka ce ta kawo hujja, ba ta da ko layi ɗaya a rubuce. Masu ba ta haƙuri duk suka sunkuyar da kai. Ƙarin girma ya wuce ta, shi kuwa yana nan daram a kujerarsa.

To ni ina tambaya, wa haƙurin nan ya amfana? Haƙuri shi ne kada ka rama zagi da zagi, kada fushi ya sa ka ci kwalar mutum a rasa mai gaskiya a cikinku. Amma ka ga ana haƙa maka rami ka naɗe hannu, wannan sakaci ne. Gaskiya ne, zo mu zauna zo mu saɓa, kuma ba duk mai ɗaure fuska ne maƙiyi ba. Wani damuwar gidansa ce, wani ma kai ne ka taka shi. Shi ya sa za ka fara samunsa ku biyu, cikin mutunci, ka ji ta bakinsa. In ya ci gaba, to aiki ya koma kan alƙalami.

Ka riƙe littafi: rana, lokaci, abin da ya faru, da wanda ya gani. Umarnin da ya ba ka da baki, ka bi shi da saƙon WhatsApp ko imel. Fayil kada ya bar hannunka sai an sa hannu. Ƙorafi ka kai shi a rubuce, a buga maka hatimi a kwafinka. In shugabanni sun toshe kunne, akwai ƙungiyar ma'aikata. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa tun 1975, kuma ba a biyan ko kwabo. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama har a Kano da Kaduna. A 2022 ma Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki.

Na san za a ce, "Kana so ka raba shi da abincinsa?" Shi da ke ɓoye fayil, abincin wa yake nema ya zubar? Ita baiwar Allahn nan ba ta da masu ci a ƙarƙashinta ne? Me ya sa tausayinmu kullum ke karkata ga mai cuta, wanda aka cuta kuma a bar shi da hawan jini?

Ku kuma shugabanni, in an kawo muku ƙara ku kira su biyun ku saurara, ku rubuta abin da kuka yanke. Ba da haƙuri ba tare da bincike ba, goyon bayan azzalumi ne, ko da ba ku nufa ba.

Mai fama da irin wannan a cikinmu, gobe in za ka fita aiki, sayi littafi da biro a hanya. Allah Ya raba mu da mugun abokin zama. Sai mako mai zuwa.