Littattafan soyayya: Daga tiren mai talla zuwa wayar hannu, wa ke tace su?

Duk wanda ke zama da masu karatun littattafan Hausa a Krofrom, Aboabo ko Asawase a nan Kumasi, ya san cewa ƙorafinsu kan littattafan soyayya na wannan zamani bai wuce biyu ba. Wasu na cewa batsa ta yi yawa, har uwa ba ta iya sauraren labari a gaban 'yarta. Wasu kuma, musamman waɗanda suka saba da na da, kukansu shi ne rubutun ya lalace: ba aya, ba waƙafi, an cakuɗa Hausa da Turanci, tauraruwar da aka kira da suna ɗaya a farko ta koma wani suna a tsakiya. A ganinmu ciwon ɗaya ne, wato babu sauran mai duba littafi tsakanin marubuci da mai karatu.

Idan mai karatu bai manta ba, buga littafi da kuɗin aljihu ba sabon abu ba ne. Bayan da tattalin arzikin Nijeriya ya shiga matsi a shekarun 1980, manyan kamfanoni irin su NNPC ta Zariya suka fi karkata ga littattafan makaranta, sai matasan Kano suka shiga buga nasu. Ta haka Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta haka kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe ƙasar Hausa a farkon shekarun 1990. Tun a lokacin masana suka yi ta kai ruwa rana a jaridu, inda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya mata.

Amma fa a wancan zamani akwai shinge, kuma shingen ku ne 'yan kasuwa. Kafin littafi ya bar Kano ya iso Ƙwanni, Sinkase, Bawku ko tashar motocin arewa da ke Krofrom, sai ya bi ta hannun mai maɗaba'a, dillali a kasuwar Sabon Gari, da ɗan kasuwar da zai cusa shi cikin kayan atamfa ko turare. Kowannensu yana da fuskar da zai kare. Mai tiren da ya sayar wa matar aure littafin da bai dace ba, gobe ma a unguwar zai kasa kayansa. Ga kuma sunan marubuci ƙuru-ƙuru a bango.

Yanzu labari ya sha bamban. Marubuciya na rubutu a wayarta, ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, daidai inda labari ya ɗau zafi sai a ce a tura kuɗi a shiga rukunin masu biya. Wanda ke cin abinci ta wannan hanya, abu biyu ne za su riƙe masa kwastoma: tsawaita labari da yaji. Gyaran rubutu kuwa ɓata lokaci ne, tunda masu karatu na jiran shafin gobe. Sau da yawa ma da sunan aro ake rubutun. Mu a zangunan Ghana abin ya fi shafarmu ta kunne, domin da yawanmu muna jin Hausa amma ba mu koyi karanta bokonta a makaranta ba, don haka a YouTube muke sauraren ana karantawa, cikin shago ko tsakar gida, yara na kai da kawowa.

Masu kiran a sa hukuma ta murƙushe su, sai su tuna an gwada. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga bisani hukumar, a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista. Masu suna da adireshi ne suka ji a jikinsu. To, yau wace ashana ce za ta ƙona abin da ke cikin waya? Ballantana mu da dokar Kano ba ta iso mana ba.

Kada kuma a yi wa marubutan kuɗin goro. Cikin wannan kasuwa ne Alhaki Kuykuyo Ne ya fito, wanda ya tona wahalar matar da miji ya wulaƙanta, har wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa da Turanci a 2012. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa in akwai alƙalai masu dubawa, 'yan matan da ke rubutu a waya na iya fitar da aiki mai tsabta.

Abin da ya rage a hannunku shi ne ciniki. Masu shagunan tura waƙoƙi da finafinai a waya, daga Aflao zuwa Paga, su ne suka gaji mai tiren jiya. Kafin su zuba wa kwastoma littafi, su saurari ko da babi biyu, su ware na manya daban, su kuma riƙa ambaton sunan marubucin da ya tsaya ya gyara aikinsa idan aka tambaye su wanne ne mai kyau.