Sanarwar Bayan Taron Masu Ciwon Suga na Unguwannin Arewacin Kaduna kan Maiƙon Jini da Lafiyar Zuciya

Gabatarwa



Ƙungiyarmu ta masu fama da ciwon suga da masu jinyarsu ta yi zama na musamman a Unguwan Sarki, Kaduna, a makon Ranar Ciwon Suga ta Duniya da ake yi kowace shekara ran 14 ga Nuwamba. 'Yan ƙungiya maza da mata sun halarta daga Kawo, Unguwan Dosa, Badarawa, Malali, Unguwan Rimi, Unguwan Shanu, Unguwan Kanawa, Hayin Banki, Kabala, Tudun Wada da Rigasa. Likitan ciwon suga, da mai harhaɗa magunguna, da jami'ar abinci mai gina jiki, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje sun yi bayani, sun kuma amsa tambayoyi.

Batu ɗaya aka tattauna: maiƙon da ke cikin jini, wato kolesterol da tiraigilisarid, da yadda yake kai mai ciwon suga ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Abubuwan da taron ya lura da su

1. Hankalinmu ya tattara kan awon suga kaɗai. Da likita ya nemi duk wanda ya auna sugansa a cikin watan ya ɗaga hannu, zauren ya cika da hannuwa. Da ya nemi wanda ya san adadin kolesterol ɗinsa, sai hannuwa suka sauka, 'yan kaɗan suka rage. Wani dattijo daga cikin iyayenmu ya fito da littafin da yake rubuta awon sugansa na safe, shafi bayan shafi, da kwanan wata da abin da ya ci da daddare. Babu layi ɗaya na maiƙon jini a ciki. Halin da mafi yawanmu ke ciki ke nan.

2. Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe masu ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kusan kashi 32 cikin ɗari na mace-macen duniya. Ta kuma bayyana cewa haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga baligi mai ciwon suga ya ninka na wanda ba shi da shi sau biyu zuwa uku. Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna baligai miliyan 537 ke da ciwon, kimanin miliyan 3.6 daga ciki a Nijeriya.

3. Maiƙon jini iri-iri ne, kuma kowa ya kamata ya san su da sunan da ke kan takardar gwaji. LDL shi ne mai shiga bangon jijiya ya kwanta, a hankali hanyar jini ta tsuke, kamar yadda tsatsa ke cike tsohon bututun ruwa. Ranar da wannan daskararren maiƙo ya tsage, jini ya yi guda a wurin, hanya ta toshe. In jijiyar zuciya ce, bugun zuciya ke nan. In ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. In ta ƙafa ce, gyambon da ya ƙi warkewa. HDL shi ne mai kwaso kolesterol ya mayar da shi hanta. Tiraigilisarid kuwa shi ne kitsen da jiki ke ajiyewa, kuma hanta na ƙera shi daga rarar suga da sitaci, ko da mutum bai ci maiƙo ba.

4. Ciwon suga na dagula wannan lissafi ta hanya uku a lokaci guda: tiraigilisarid ya hau, HDL ya sauka, ƙwayoyin LDL su ƙanƙance su fi saurin kutsawa cikin bangon jijiya. Shi ya sa adadin da za a ce ba laifi ga mai lafiya yake iya zama haɗari ga mai ciwon suga.

5. Yawan maiƙon jini ba ya ciwo, ba ya sa jiri, ba a ganinsa a fuska. Taron ya yi watsi da maganar da ta yaɗu cewa cutar masu ƙiba da masu hannu da shuni ce. Siriri ma yana ɗauke da ita, wani kuma gado ya yi. Gwajin jini kaɗai ke bayyana ta.

6. Ɗakunan gwaji ba su rubuta sakamako da ma'auni ɗaya. Wasu na amfani da mmol/L, wasu mg/dL, kuma wannan ya rikita 'yan ƙungiya da dama. Ma'aikacin gwaji ya rubuta waɗannan alƙaluma a kan allo:

– LDL: ƙasa da 2.6 mmol/L, daidai da 100 mg/dL, shi ne mafi sassaucin mizani. Ga mai ƙarin haɗari, kamar hawan jini, shan taba ko ciwon ƙoda, ƙasa da 1.8, daidai da 70. Ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ƙasa da 1.4, daidai da 55.

– Tiraigilisarid: ƙasa da 1.7 mmol/L, daidai da 150 mg/dL. In ya kai 5.6, daidai da 500, yana iya kumbura gaɓar da ke samar da insulin, ciwon ciki mai tsanani da ke kai mutum gadon asibiti.

– HDL: sama da 1.0 mmol/L ga namiji, sama da 1.3 ga mace.

Likitan da ke duba mutum shi zai faɗa masa mizanin da ya dace da shi.

7. Akwai magani, kuma an gwada shi a kan masu ciwon suga. Rukunin magungunan sitatin, waɗanda ake rubuta sunayensu a kwali da atorvastatin, simvastatin ko rosuvastatin, suna rage kolesterol ɗin da hanta ke ƙerawa. Binciken CARDS da aka wallafa a 2004 ya bi masu ciwon suga 2,838 a Birtaniya da Ailan, waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ba. A cikin waɗanda aka ba atorvastatin miligiram 10 a kullum, manyan matsalolin zuciya da jijiya sun ragu da kashi 37 cikin ɗari, shanyewar ɓarin jiki da kashi 48. A 2008 mujallar Lancet ta wallafa nazarin da ya haɗa bayanan masu ciwon suga 18,686, wanda ya nuna cewa duk mmol/L ɗaya da aka rage na LDL yana rage irin waɗannan matsaloli da kusan kashi 21 cikin ɗari. A kan irin wannan hujja Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ke ba da shawarar sitatin ga masu ciwon suga 'yan shekara 40 zuwa 75.

8. Da yawa daga cikin waɗanda aka rubuta wa maganin sun daina sha. Wasu sun ɗauka na wata ɗaya ne. Wasu sun ga sakamako ya yi kyau suka ajiye. Wasu sun ji jita-jitar yana lalata hanta. Mafi yawa kuwa tsada ce ta hana su: in kuɗi bai kai ba, sai a sayi na suga da na hawan jini a bar wannan, tunda rashinsa ba ya nunawa a jiki.

9. Cimarmu ta yau da kullum na da hannu. Jami'ar abinci ta ajiye kwalabe biyu a kan tebur, ɗaya da man gyaɗa sabo, ɗaya da man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi ya yi kauri, ta tambayi wanne ne muka fi gani a kaskon suya. Babu wanda ya yi gardama. An kuma ambaci kitsen da ake jerawa tsakanin yankan tsire, da kayan ciki, da man shanu a kan tuwo, da manja, wanda kusan rabinsa maiƙo ne mai daskarewa. A ɓangaren tiraigilisarid, an nuna yatsa ga lemon kwalba, zoɓo da kunun zaƙi masu suga, shayi mai kauri da burodi, da tulin farar shinkafa.

Matsayar taro

Bayan tattaunawa, 'yan ƙungiya sun amince da waɗannan:

1. Kowane ɗan ƙungiya zai yi cikakken gwajin maiƙon jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya fara magani ko aka sauya masa zai sake gwaji bayan mako 4 zuwa 12. In an ce a zo ba a karya ba, ana nufin awa 9 zuwa 12 ba abinci, amma ana shan ruwa. Mai yin allurar insulin ko shan maganin da ke faɗar da suga ya tambayi likita yadda zai yi a safiyar gwajin.

2. Za a ƙara shafi a littafin kowa mai ɗauke da abu huɗu: HbA1c, wato awon matsakaicin suga na 'yan watannin baya, wanda ga yawancin manya ake so ƙasa da kashi 7, awon hawan jini, ƙasa da 130/80, LDL, da tiraigilisarid. Za a riƙa duba wannan shafi a zaman wata-wata.

3. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da ƙarin haɗari ko da bai kai ba, zai tambayi likitansa kai tsaye ko sitatin ya dace da shi. Ba mai zuwa kemis ya saya wa kansa, ba mai ba ɗan'uwansa ragowar nasa. Haka ma asfirin, ba a fara shi sai da umarnin likita.

4. Wanda aka ɗora a kan maganin ba zai daina ba sai da sanin likita. Simvastatin da daddare ake sha; atorvastatin da rosuvastatin kowane lokaci, muddin an tsayar da lokaci ɗaya. Wanda ya ji ciwon tsoka mai tsanani ko fitsarinsa ya yi duhu ya garzaya asibiti. Mai juna biyu, ko mai shirin ɗauka, ko mai shayarwa ta sanar da likita tun kafin a rubuta mata. Duk wanda za a ba wani sabon magani ya faɗi cewa yana shan sitatin, domin wasu, irin su clarithromycin, ba su jituwa da shi.

5. A gida, za mu riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan, mu yanke kitse kafin girki, mu cire fatar kaza, mu fifita dafawa da gashi a kan suya. Za mu yawaita wake, alale, miyar kuka da kuɓewa, zogale, rama da alayyafo, da kifi irin su titus da sadin. Tuwon dawa, gero ko acca sun fi farar shinkafa, amma su ma da ƙima. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗanɗanon girki. Taron ya roƙi iyayenmu mata da matan gida su ɗauki wannan a matsayin girkin gida duka, kada a ware wa mai ciwo tukunya kamar baƙo. Maigida kuma ya sani cewa cefane daga hannunsa yake fitowa.

6. Za mu cika minti 150 na tafiya da sauri a mako, wato minti 30 a kwana 5. 'Yan kusa da Dandalin Murtala za su riƙa haɗuwa can bayan asuba; sauran unguwanni za su zaɓi wurin da ya fi musu sauƙi, mata da rukuninsu. A sa takalmi mai rufi, a duba ƙafa bayan an dawo. Mai ƙiba da ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa zai ga tiraigilisarid ya sauka.

7. Taba sigari da shisha da giya ba su da gurbi a rayuwar mai ciwon suga.

8. Kafin azumin Ramadan, kowa zai ga likita don daidaita magunguna. A buɗa-baki za a taƙaita soye-soye da kayan zaƙi. A Babbar Sallah a ci nama, a bar kitse da kakiɗe.

9. Iyalai za su koyi alamomin haɗari: nauyi ko matsi a ƙirji, sarƙewar numfashi, zufa mai sanyi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar magana. Ga mai ciwon suga, bugun zuciya kan zo ba tare da ciwon ƙirji sosai ba, har a zaci olsa ce. In an ga haka, asibiti za a nufa nan take, kada a tsaya jiran gari ya waye.

Kiraye-kiraye

1. Ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna: a sa gwajin maiƙon jini cikin kulawar yau da kullum ta masu ciwon suga a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, Babban Asibitin Kawo da Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, a kuma buɗe hanyar da ƙananan asibitocin unguwanni za su riƙa ɗibar jini su aika.

2. Ga hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa: a sauƙaƙa rajista ga 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu da 'yan fansho, a tabbatar gwajin da maganin na samuwa ga duk mai rajista.

3. Ga hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC: a ƙarfafa aiwatar da dokar mai da kitse ta 2022, wadda ta taƙaita gurɓataccen maiƙon masana'anta zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai, a kuma riƙa duba man da ake aunawa ba tambari a kasuwanni.

4. Ga Gwamnatin Tarayya: a ware wani kaso na harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo, don rage wa masu ciwon suga tsadar magani da gwaji.

5. Ga 'yan'uwanmu masu ƙosai, awara, masa da tsire: ba mu zo hana kowa neman halalinsa ba. Roƙonmu shi ne a riƙa sauya man suya, a kuma ba mai saye zaɓin tsire marar kitse.

6. Ga malamai, limamai, fastoci, masu unguwanni da gidajen rediyo: a taya mu isar da cewa neman magani da kiyaye ci ba su saɓa wa tawakkali ba.

Godiya da rufewa

Taron ya gode wa ma'aikatan lafiyar da suka ba da lokacinsu kyauta, da masu masaukinmu, da matasan da suka kawo iyayensu suka mayar da su gida. An yi addu'a ga 'yan ƙungiya da suka riga mu gidan gaskiya, da waɗanda ke kwance.

An ɗora wa wakilan unguwanni alhakin tattara sunayen waɗanda ba su taɓa yin gwajin ba, da neman rangwame a ɗakunan gwaji idan aka je a ƙungiyance. Za su kawo rahoto a zama na gaba, kuma ana buƙatar kowa ya zo da takardar sakamakonsa da kwalayen magungunan da yake sha.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.

Sa hannu:

Shugaban Ƙungiya

Sakatariyar Ƙungiya

A madadin dukkan mahalarta taro, Kaduna.