Bindigar jika uku da bindigar jika ɗari uku

Maganar da na kawo yau mun taɓa ta a shirinmu na daren Alhamis, amma lokaci ya tsere muna, layi ya cika da masu kira, ban samu na faɗi abin da ke raina ba. To ga ta a rubuce, wanda bai ji ba ya karanta, wanda ya ji ya ƙara.

Ana saura kwana uku ƙaramar Salla ɗan ƙanwata mai shekara tara ya ja ni kasuwa. Ban ko tambaye shi ba ya ce, "Kawu, kalash nika so." Muka tsaya gaban wani mai kayan wasa da ya baje haja bisa tabarma: motoci, agogon roba, tabarau, sai bindigogi jere a gefe, kusan duk baƙaƙe, kowace da ƙullin ƙwayoyi rawaya cikin leda. Na ɗauki guda na juya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, roba ce mai ƙaras-ƙaras, amma in ka ja da baya taku goma sai gabanka ya faɗi. Mai kaya ya ce jika huɗu, munka yi ciniki ya sauko jika uku.

A cikin satin nan wani abokina da munka yi lise tare a Tawa, yanzu shina aiki a Faransa, ya turo mani hoton tashi bindigar wasa ta WhatsApp. Ita ma siffar kalash gare ta, ita ma ƙwayar roba take harbawa. Ya ce yuro 500 ya saye ta. Ku yi lissafi da kanku: yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, ke nan wajen jika 328. Na ce mashi, kai wane, kuɗin da za ka sai wa tsohuwarka raguna ta yi kiwo ka zuba cikin abin wasa? Ya yi dariya ya ce ai tashi ma matsakaiciya ce, akwai waɗanda sunka haura yuro dubu.

Tun daga nan na shiga bin diddigin abin da ya raba ta jika uku da ta jika ɗari uku.

Sunan wasan airsoft, kuma a Japan ya samo asali cikin shekarun 1970. Dokar Japan ta 1958 ta ƙuntata mallakar bindiga ƙwarai, har talaka ba ya ko mafarkinta, sai masu sana'a sunka fara ƙera mai kama da ita wadda ke tura ƙwayar roba da iska. A 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir, wadda ya kwaikwayo daga FAMAS, bindigar sojan Faransa. Manya ne ke yin wasan, a fili na musamman, kowa da kariyar ido, ana rabuwa gida biyu kamar ƙwallo. Ƙwayar faɗinta milimita 6, nauyinta gram 0,20 ga wadda anka saba, 0,12 ga ta araha.

Kuɗin farko da ke cikin mai tsadar nan na mul ne. Duk wanda ya taɓa ganin mai buga tubalin siminti ya san mul: ka zuba, ka danna, ka cire. Na roba dai ƙarfe ne mai tauri da inji ke sassaƙawa daidai-wa-daida, kuma bindiga guda tana buƙatar muloli da yawa, kowane ɓangare da nashi. Miliyoyin sefa ke tafiya kafin a fitar da ko guda. In masana'anta za ta buga ɗaruruwan dubbai, kuɗin mul ya watsu, kowace ta ɗauki ƴan daloli. In kuwa ƴan dubbai kaɗan za a yi don masu sha'awa, to kowace ta ɗauki kaya mai nauyi. Haka take ga mai motar da ya ɗauko buhun albasa goma daga Galmi zuwa Yamai: kuɗin gazuwal ɗaya ne da na wanda ya cika motar, sai dai buhu goma ne za su biya shi.

Sai cikinta. Mai batir tana da ɗan moter da ke juya haƙoran ƙarfe uku, su ja fistan baya su matse rasor, su sake shi ya tunkuɗo iska, kuma ana maimaita haka fiye da sau goma cikin daƙiƙa ɗaya. In haƙoran ba su zauna daidai ba, kwana kaɗan su cinye juna. Bututun da ƙwayar ke bi ana auna shi da kashi ɗari na milimita: 6,08 ga na yau da kullum, 6,03 ko 6,01 ga na masu neman saiti. Akwai kuma ɗan ƙullutun roba a bakin bututun da ke sa ƙwayar ta fita tana juyawa baya, shi ke sa ta yi nisa ba ta faɗi da wuri ba. Wanga duka aiki ne na gaske, kuma ban ga laifin wanda ya ce a biya shi ba. Mu da ke da maƙera a kowace unguwa mun san bambancin aikin da anka yi da haƙuri da wanda anka yi don a rabu da kai.

Amma akwai kaso babba na kuɗin da bai shafi harbi ba sam. Wasu kamfanoni na Taiwan, irin su LCT, suna yin gangar jikin da ƙarfe, mariƙin da itace na gaske, don nauyin ya kusanci na ainihi. Sannan ga kuɗin suna. Kamfanin Cybergun na Faransa da Umarex na Jamus suna biyan masu ƙera bindigogin gaske don a ba su izinin buga tambarinsu jikin ta wasa, irin su Colt da Glock. Tambari bai ƙara wa ƙwaya gudu ko taku ɗaya. Mai saye ne ke biya don in ya riƙe ya ji kamar ita ce, in wani ya gani ya kasa bambancewa. Ka ɗora kuɗin jirgi, da na duwan, da haraji, da ribar mai butik, ga yuro 500 ta cika. Abin da ya ba ni mamaki, harba-ka-ruga da maƙerinmu ke yi wa maharba, wadda ke kashe gada da gaske, ba ta kai rabin kuɗin wagga da ba ta kashe ko kurciya daga nesa.

Ke nan kama ake saye. Ko abokina da kanshi bai musa ba.

To mu dawo tabarmar kasuwarmu. Irin waɗanga na jika uku galibi daga Sin suke fitowa, inda gundumar Chenghai ta birnin Shantou ta shahara da masana'antun kayan wasa. Su biyo teku, su sauka, wasu su shigo muna ta Kano ko Sakkwato, ta Illela da Konni. Mai yin su ya zubar da duk abin da ke cin kuɗi: babu moter, babu ƙarfe, babu izinin kowa, rasor guda ne da kake ja da hannu. Abu biyu ya bari, siffa da ƙwaya. Siffa ita ta fi komi araha wajen kwaikwayo da zarar mul ya samu. Launi kuwa garin rini ne da ake zubawa cikin roba tun tana narke; baƙi da ruwan lemu da kore kusan duk kuɗinsu ɗaya. Baƙa ake kawo muna don baƙa ce ɗiyanmu ke so, ɗan kasuwa kuwa abin da ke fita shi yake odar shi.

Abokina na Faransa in zai tafi wasa, cikin jaka yake rufe tashi, ya shiga fili mai shinge, ya sa tabarau na kariya. Doka ce ta tsare shi. Tun 1999 Faransa ta hana a sai wa wanda bai kai shekara 18 ba irin wagga bindiga in ƙarfin harbinta ya wuce jul 0,08. Jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugu, waɗanda sunka zauna ajin fizik sun tuna. Na yi lissafin bisa takarda: ƙwayar gram 0,12 in ta fita da gudun mita 40 a daƙiƙa ta riga ta wuce wanga iyaka. Japan ta tsaida nata iyaka a jul 0,98 ga manya tun 2006. Amurka tun 1988 ta wajabta a sa wa bakin bindigar wasa launin lemu mai haske. Ingila a 2006 ta taƙaita saida mai kama da ta gaske, mutum na gari sai dai ya sayi mai launi mai ƙyalli. Su da sunka ƙirƙiro abin, sun kewaye shi da shinge. Mu kuwa mun karɓi kama da ƙwaya, mun miƙa wa yaro ɗan shekara tara, mun sake shi cikin taron Salla.

Ido nika fara ji wa tsoro. Ƙwayar nan ba ta huda fata, shi ya sa iyaye ke raina ta. Ido ba fata ba ne. Bara wata maƙwabciyarmu ta kwana biyu tana yawo da ɗiyarta daga wanga likita zuwa wancan, daga ƙarshe anka tura su Maraɗi, don ƙwaya guda da ta fito daga hannun wanta, cikin wasa, a tsakar gida. Abin da sunka kashe a mota da magani ya sayi tabarmar mai kayan wasa gaba ɗaya har da canji. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Afganistan, bayan ƙaramar Sallar 2015, yara sama da ɗari anka kai asibiti a Kabul da raunin ido, har ma'aikatar cikin gida ta ba da umurnin a hana bindigogin wasa a ƙwace su daga kasuwa. Ƙasar da ta san yaƙi fiye da mu ke nan.

Tsoro na biyu shi ya fi hana ni barci. Kowa ya san halin da ƴan uwanmu na wajen Bangi da ƙauyukan bakin iyaka ke ciki: satar shanu, ɗaukar mutane don kuɗin fansa, dare bai yi sai da fargaba. A wuri irin wanga, jandarma ko gardi da ke tsaye a shinge da magariba, ya hango saurayi bayan kabu-kabu da baƙin abu mai lanƙwasasshen gidan harsashi, daƙiƙa nawa gare shi ya tantance? A Amurka, cikin Nuwamba 2014, ɗan sanda a birnin Cleveland ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, shina riƙe da irin wagga bindiga wadda alamar lemun bakinta ta fita. Ƴan daƙiƙu ne tsakanin isowar motar ƴan sanda da harbin. Sannan ku juya abin ta ɗaya gefen: ɓarawon da ya tare mai kabu-kabu a hanyar ƙauye cikin duhu, jika uku ta ishe shi jari, don babu wanda zai tsaya ya ƙwanƙwasa ya ji ko roba ce.

A shirin wani dattijo ya kira daga Buza ya ce, "Ɗana, ku ba ku yi wasan bindiga ba?" Na ce, Baba, mun yi. Mun sassaƙa ta da karan dawa, mun yi ta da sandar laima da kan ashana, mun yi "tau! tau!" da baki har muryarmu ta dishe. Ba na cikin masu cewa yaron da ya riƙe bindigar wasa zai girma ɗan ta'adda; da haka ne da duk tsaranmu muna daji. Amma tamu ko makaho ya shafa ya san kara ce.

Wani ɗan kasuwa ma ya kira, da ɗan zafi, ya ce abincinsu za mu taɓa, Salla ce kakarsu. Ina tare da kai, Alhaji, kuma ban ce a ƙone kayan kowa ba. Abin da nika roƙo ƙarami ne. Wanda ke oda daga Kano ko daga Sin ya ce a kawo mashi masu launi, kore, ja, ruwan lemu, masu fesa ruwa ko masu ƙara da walƙiya, ya bar masu ƙwaya. Masana'anta ba za ta ƙara mashi ko dala ba don ya canza launi. Matsalar ita ce in shi kaɗai ya daina, na kusa da shi ya kwashe ciniki. Shi ya sa abin yake son hukuma: meri da perfe da duwan su zauna da shugabannin ƴan kasuwa, su ba da wa'adi tun Salla na da nisa, kowa ya saida abin da ke hannunshi, daga nan kada a sake shigo da baƙa mai ƙwaya. In anka bari sai jajibiri anka zo ana ƙwace, an zalunci mai tabarma, babban dila kuwa ya riga ya ci ribarshi.

Na san za a ce mugu na iya shafa wa mai launi baƙin fenti. Shina iyawa. Amma yaran unguwa ɗari ba za su yi ba, kuma wanda anka kama da fentacciya ya riga ya faɗi niyyarshi da hannunshi.

Ɗan ƙanwata dai bai samu kalash ba. Na sai mashi koriya mai fesa ruwa jika ɗaya da rabi, ya yi fushi har gida, bai gaishe ni ba sai washegari. Ranar Salla shi ya fara jiƙa mani sabuwar shadda ina shirin tafiya Idi.

Alhamis mai zuwa za mu sake buɗe layi kan maganar, ƙarfe tara na dare. Ina son in ji daga masu saida kayan wasa da kansu, da malaman asibiti, da iyaye mata musamman, don su ke kwana da yaro in abu ya faru.