RA'AYINMU: KOWA YA WANKE TSOHON FIM ƊINSA, NAMU FA?

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata matasa, a 'yan shekarun nan wata sana'a ta bunƙasa a ƙasashen waje wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Sana'ar kuwa ita ce tono tsofaffin finafinan faɗa da doke-doke, a wanke su, a gyara hotonsu da muryarsu, sa'an nan a sake fito da su a kan faifai mai hoto tangaran domin masu kallo a gida. Finafinan kuwa ba baƙi ba ne a wurinmu. Su ne waɗanda iyayenmu da yayyenmu suka yi ta tururuwa a kansu a gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya, daga bisani kaset ya kawo su gidajen kallo na Funtuwa da Malumfashi, har zuwa garuruwan manoma irin su Mahuta, inda samari kan haɗu da dare bayan an gama aikin kaka, janareta na ruri a bayan zana.

Bari mu kawo misali biyu. A shekarar 2020 kamfanin Criterion na Amurka ya tattara manyan finafinan Bruce Lee, gwanin kumfu wanda ya rasu a 1973, ya fito da su a akwati ɗaya na faifan Blu-ray. A watan Yuni na 2025 kuma aka nuna Sholay, fim ɗin Indiya na 1975 wanda Amitabh Bachchan da Dharmendra suka fito a ciki, a birnin Bologna na Italiya, bayan gidauniyar Film Heritage ta Indiya ta gyara shi. Har ma an maido masa da ƙarshensa na asali, inda Thakur ya kashe Gabbar Singh da kansa, wato ƙarshen da masu tace finafinai na Indiya suka sa aka sauya tun farko. 

Ba mu da ja a kan wannan aiki, domin Sholay ya cancanci gyara. Labarinsa na wani ƙauyen manoma ne da 'yan fashin daji suka addaba, suna zuwa suna karɓar hatsi da ƙarfin bindiga. Manomin Faskari ko Sabuwa wanda ya san abin da ake nufi da biyan haraji ga 'yan bindiga kafin a girbe gona ba ya bukatar tafinta ya bayyana masa wannan labari. Abin da ya dame mu shi ne, kowa ya tashi yana wanke nasa, mu kuwa mun zuba ido muna tafi, alhali namu yana ruɓewa a cikin kwali.

Yana da kyau mai karatu ya fahimci yadda abin yake. An ɗauki Sholay da finafinan Bruce Lee a kan zaren fim na silima, wanda hoton da ke cikinsa ya fi abin da tsohuwar talabijin ke iya nunawa nesa ba kusa ba. Saboda haka idan aka sa zaren a na'ura aka kwafe shi hoto bayan hoto, sai a sami abin da ake kira 4K, mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye. Finafinan Hausa na bidiyo kuwa, tun daga Turmin Danya wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, har zuwa zamanin Sangaya a 1999 da Wasila a 2000, a kan kaset aka ɗauke su. Abin da kaset bai kama ba tun ran farko, babu na'urar da za ta maido shi da gaskiya. Kaset kuma zafi yana cin sa, damshin damina yana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu tana karce shi. Bugu da ƙari, kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera injin kallon kaset ɗin VHS, ya daina ƙera shi tun 2016. Ashe ke nan mu ba kwalliya ce matsalarmu ba, ceto ne, kuma lokaci ba ya jiran kowa.

Kada wani ya ce abin ba zai yiwu ba. Fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano zarensa a rumbun ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Mun yi murna ƙwarai, amma murnar da ɗan ɗaci a cikinta. Bajamushe ya zauna ya kalli Shehu Umar fes, to, ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa ganinsa ko sau ɗaya? Haka nan Baban Larai, fim ɗin koyar da noman auduga wanda aka ɗauka a Daudawa, nan maƙwabtan Funtuwa, a shekarun 1950, aka yi ta yawo da shi a motar majigi. Jikokin manoman da suka kalle shi a ƙofar fada sai dai su ji sunansa a bakin tsofaffi.

Mun san akwai masu cewa finafinan faɗa da na kaset shirme ne, sun ɓata tarbiyya, gara ma su ɓace. Ba mu musa cewa a cikinsu akwai tsaba akwai tsakuwa. Amma ajiye abu daban, yabonsa daban. A cikin waɗannan kasakasai akwai Hausar da aka yi magana da ita shekara talatin da suka wuce, da ɗinkin da aka sa, da fasalin kasuwa da tasha da zaure, da barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro wanda ya rasu a 2014. Mai binciken harshe ko na tarihi da zai zo gobe, a nan zai nemi shaida. In an bar su suka lalace, sai ya koma tambayar baƙo yadda kakanninsa suka rayu.

Saboda haka muna kira da babbar murya. Na farko, ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Gidan Arewa na Kaduna, da sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu na Zariya da Kano da Katsina, su ware ɗaki mai sanyi da na'urar kwafe kaset zuwa kwamfuta. Wannan bai kai kuɗin motar babban ma'aikaci guda ba. Na biyu, ga masu shirya finafinai, su fito da kasakasan asali da ke hannunsu, a kwafe, a kuma rubuta yarjejeniya domin haƙƙin mai abu ya tsira. Na uku, ga Hukumar Finafinai ta Nijeriya, abin da aka gyara a fito da shi inda talaka zai gani, a makarantu da gidajen talabijin da wayar hannu.

Na huɗu kuwa namu ne. Hutu yana tafe, kowa zai koma garinsu. Ɗan Mahuta, ɗan Ƙafur, ɗan Bakori, kowa ya nemi tsohon mai shagon hayar kaset na unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi abin da ya rage a kwalinsa, ya rubuta sunan fim da na kamfani da shekara, ya kawo wa ƙungiya. Kada a jarraba kaset mai fumfuna a inji, domin zai iya tsinkewa. A ajiye shi a tsaye a wuri mai inuwa. Da wannan jeri ne za mu tunkari hukuma da hujja a hannu. Masu iya magana sun ce da sandar da ke hannunka kake jifa. Allah ya sa mu dace, amin.