Ɗan'uwa rabin jiki, amma a gidan tururuwa ya wuce rabi



Duk tururuwar da kuka gani a layi tana jan ƙwayar gero zuwa rami, mace ce. Ita ke neman abinci, ita ke renon tsutsotsi, ita ke tsaron gida, amma a yawancin nau'o'in tururuwa ba ta haihuwa. Sarauniya ce ke saka ƙwai. Maza kuwa aikinsu barbara kawai, daga nan sai mutuwa.

Wannan al'amari ya ɗaure wa Charles Darwin kai, har ya ambace shi a littafinsa na 1859 a matsayin babbar matsala ga ra'ayinsa. A ganinsa, halin da ya taimaki dabba ta rayu ta haihu shi ke wucewa ga zuriya. To, ma'aikaciyar da ba ta da ɗa ko jika, wa zai gaji halinta na sadaukarwa?

A 1964 wani masani ɗan Ingila, William Hamilton, ya kawo amsa ta hanyar lissafi. Ku ɗauko biro mu yi shi tare.

Mutum yana karɓar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba. Shi ya sa shaƙiƙai ke tarayya a kusan kashi 50 cikin 100. Ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ce ɗan'uwa rabin jiki.

A wajen tururuwa lissafin ya sha bamban. Ƙwan da ya haɗu da maniyyi yana zama mace, wanda bai haɗu ba yana zama namiji. Namijin tururuwa ke nan ba shi da uba, kuma jeri ɗaya tak na ƙwayoyin gado yake da shi maimakon biyu. Wannan jerin yake bai wa kowace 'yarsa dungurungum, don haka 'yan'uwa mata sun yi tarayya a kashi 50 ta wajen uba. Ta wajen uwa kuma suna tarayya a rabin ragowar, wato kashi 25. Jimilla 75. Da ma'aikaciya za ta haifi 'ya, kashi 50 kawai za ta ba ta. Renon ƙanwa ke nan na iya yaɗa ƙwayoyin gadonta fiye da haihuwa.

Sai dai lissafin bai kashe magana ba. Tarayyar ma'aikaciya da ɗan'uwanta namiji kashi 25 ce kacal. Sarauniyar kwarkwasa tana barbara da maza da yawa, saboda haka yawancin 'ya'yanta uwa ɗaya suke, uba daban-daban. Ga kuma gara, wadda ba tururuwa ba ce: mazanta suna da uwa da uba kamar mu, amma ita ma tana da sarauniya da ma'aikata.

A 2008 William Hughes da abokan aikinsa suka kwatanta nau'o'in tururuwa da zuma da rina masu yawa, suka gano cewa kakanninsu na farko da namiji ɗaya suke barbara. Yawan maza daga baya ya zo. Wannan ya ƙarfafa cewa zumunci ne tushen zaman. Amma a 2010 masana uku na Jami'ar Harvard, ciki har da Edward Wilson wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan binciken tururuwa, suka ce an zuzuta rawar zumunci. Masana fiye da 130 suka mayar musu da martani a mujallar Nature a 2011.

Haka kimiyya take tafiya: a kawo hujja, a gwada ta, a gyara inda ta gaza.

Aikin wannan mako: idan uwa ɗaya ce amma uba daban, kashi nawa 'yan'uwa mata biyu na tururuwa suka yi tarayya? Ku nuna lissafinku, ku kai wa malamin bayoloji ya duba. Amsa tana nan tafe mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.